Flamin' Hot (fim)

Flamin' Hot fim ne na ƙasar Amurka da ya fito a shekarar 2023, wanda Eva Longoria ta ba da umarni. Yana ba da labarin Richard Montañez, Ba'amurke ɗan asalin Meziko da ya shiga kamfanin Frito-Lay a matsayin mai shara a 1976, ya yi ta hawa har ya zama babban jami'i a PepsiCo, uwar kamfanin. Montañez ya shafe shekaru yana cewa shi ne ya ƙirƙiro Flamin' Hot Cheetos, wani abin ƙwalama na garin masara mai jan yaji da ake sayarwa a leda. Jesse Garcia ne ya fito a matsayin Montañez, Annie Gonzalez kuma a matsayin matarsa Judy. Lewis Colick da Linda Yvette Chávez ne suka tsara labarin, DeVon Franklin ya shirya, kamfanin Searchlight Pictures ya fitar. Tsawonsa minti 99.

An fi sanin fim ɗin da cece-kucen da ya biyo shi. Shekara biyu kafin ya fito, jaridar Los Angeles Times ta buga bincike da ya nuna cewa wasu ma'aikata ne daban suka samar da wannan kaya a hedikwatar kamfanin da ke jihar Texas. Duk da haka aka yi fim ɗin, jama'a suka kalla, aka nuna shi a fadar White House, waƙar cikinsa ta shiga takarar kyautar Oscar. Saboda haka ya zama misalin da ake yawan kawowa idan ana maganar fina-finan ƙarfafa gwiwa da ake yi kan 'yan Latino waɗanda suka taso daga talauci suka yi nasara.

Labarin fim

Fim ɗin ya fara da yarintar Richard a sansanin leburorin gona a kudancin Kalifoniya. A makaranta yaran Turawa suna yi masa dariya kan abincin da mahaifiyarsa take ƙunsa masa, wato burrito, gurasar fulawa da ake naɗe wake ko nama a ciki. Sai ya mai da abin dariyar sana'a, ya riƙa sayar musu da shi. Da ya je kanti da kuɗin cinikinsa, ɗan sanda ya kama shi bisa zargin sata, don bai yarda yaro irinsa zai riƙe kuɗi ta hanyar halal ba. Ya girma cikin 'yan daba da sayar da ƙwaya, har Judy ta samu ciki, ya ga dole ya nemi aikin kirki.

Ya samu aikin shara a masana'antar Frito-Lay da ke Rancho Cucamonga. A nan ya liƙe wa wani injiniya baƙar fata, Clarence Baker (Dennis Haysbert), yana koyon yadda injina ke aiki. Matsin tattalin arzikin shekarun 1980 ya sa aka fara sallamar ma'aikata. Shugaban kamfanin, Roger Enrico (Tony Shalhoub), ya aika saƙon bidiyo yana cewa kowane ma'aikaci ya ɗauki kamfanin tamkar nasa. Richard ya ga yadda ɗansa ke cin masarar da 'yan Meziko ke barbaɗa wa barkono yana yaba zafinta, sai shi da Judy suka shiga gwada haɗin yaji a madafin gidansu. Ya ɗauki waya ya kira Enrico kai tsaye, abin da ya fusata manyansa. Aka ba shi dama, kayan suka ƙi tafiya da farko saboda ba a yi musu talla ba, sai shi da abokan aikinsa da tsofaffin abokansa na unguwa suka bi titi suna rabawa. A ƙarshe kasuwa ta buɗe, aka ba shi ofis.

Richard ne ke ba da labarin da bakinsa daga farko har ƙarshe, kuma a wasu wurare fim ɗin yana nuna cewa yana ƙara gishiri: ana ganin manyan jami'ai Turawa a ɗakin taro suna magana da harshen 'yan unguwa, kafin a dawo a nuna yadda abin ya faru a zahiri. Akwai kuma ɗan gajeren wuri da aka nuna masana kimiyyar kamfanin suna gwada nasu yajin a ɗakin bincike. Wannan shi ne iyakar inda fim ɗin ya amsa cewa akwai wani labari ban da na Richard.

Binciken Los Angeles Times

Montañez ya fara yaɗa labarinsa tun yana aiki a PepsiCo. Ya rubuta littafi a kansa a 2013, ya sake fitar da wani a 2021. Ya zama mai jawabin da ake gayyata jami'o'i da manyan kamfanoni, ana biyansa tsakanin dala 10,000 zuwa 50,000 a jawabi guda. Ya yi ritaya a 2019.

Ranar 16 ga Mayu, 2021, ɗan jarida Sam Dean ya buga rahoto a Los Angeles Times bayan ya zanta da tsofaffin ma'aikatan kamfanin fiye da goma, ya kuma duba takardun ajiya. Rahoton ya ce tun 1989 aka kafa wata tawaga a hedikwatar Frito-Lay da ke Plano, jihar Texas, don samar da kaya masu yaji, saboda masu sayarwa a birane irin su Chicago da Detroit sun koka cewa ƙananan kamfanoni suna ƙwace musu kasuwa a shagunan unguwanni. Wata ƙaramar ma'aikaciya da ta gama digiri na biyu a harkar kasuwanci, Lynne Greenfeld, ita aka ɗora wa aikin, kuma ita ta raɗa sunan Flamin' Hot. An fara gwada kayan a kasuwa a 1990, aka baza su ko'ina a Amurka a 1992. Kamfanin McCormick ne ya haɗa yajin.

Abin da ya fi raunana labarin Montañez shi ne lissafin shekaru. Enrico bai karɓi ragamar Frito-Lay ba sai farkon 1991, lokacin da kayan suka riga suka shiga kasuwar gwaji. Ke nan saƙon bidiyon da aka ce shi ya zaburar da mai sharar ya zo ne bayan an riga an yi abin. Takardun kamfanin sun kuma nuna cewa tun ƙarshen 1977 aka ɗaga Montañez daga shara zuwa mai kula da inji. Greenfeld ce ta tuntuɓi kamfanin a 2018 bayan ta ga labarin a intanet, kamfanin ya yi bincike na cikin gida, ya ce bai ga wata shaida da ke nuna Montañez yana da hannu a gwajin farko ba. Jaridar ta ce an sanar da masu shirya fim ɗin tun 2019.

Rahoton bai ce duk tarihin mutumin ƙarya ba ne. Ya tabbatar da cewa ya tashi daga ma'aikacin masana'anta zuwa jami'in talla, kuma ya gabatar da shawarwarin wasu kayayyaki, har da gugguru mai yaji da wani jerin kaya mai suna Sabrositas da aka yi wa 'yan Latino na kudancin Kalifoniya a tsakiyar shekarun 1990. Wani tsohon babban jami'in kamfanin, Al Carey, ya tsaya masa. Shi kuwa Montañez ya ce ƙaramin ma'aikaci ne shi a lokacin, babu mai rubuta abin da irinsa ya yi, kuma mai yiwuwa ne ɓangarori biyu na kamfanin sun yi aiki iri ɗaya ba tare da sun san da juna ba. Kwanaki kaɗan bayan rahoton, PepsiCo ta fitar da sanarwa mai sassauci tana yaba gudummawarsa, amma ba ta ce shi ne ya ƙirƙiro kayan ba.

Fitarwa

An ɗauki fim ɗin a jihar New Mexico a 2021, watanni kaɗan bayan rahoton. Longoria ta ce ita ba tarihin Cheetos ta sa a gaba ba, tarihin Richard take bayarwa yadda shi ya gan shi. Colick ya ce abin da yake gaskiya a labarin ya isa a yi fim da shi.

An fara nuna shi ranar 11 ga Maris, 2023, a bikin South by Southwest da ake yi a Austin, inda ya ci kyautar zaɓin 'yan kallo. Ranar 9 ga Yuni ya fito a manhajojin Hulu da Disney+ lokaci guda, ba tare da ya zaga gidajen sinima ba. Searchlight ya ce babu wani fim nasa da aka kalla ta intanet a kwanakin farko kamar wannan. Ranar 15 ga Yuni Shugaba Joe Biden da matarsa Jill suka shirya kallonsa a filin fadar White House. Waƙar fim ɗin, wadda Diane Warren ta rubuta, Becky G ta rera, ta shiga cikin biyar da suka yi takarar Oscar a watan Maris na 2024, amma waƙar fim ɗin Barbie ce ta ci.

Yadda masu sharhi suka karɓe shi

A shafin Rotten Tomatoes, wanda ke tattara ra'ayoyin masu sharhin fina-finai, kusan kashi biyu bisa uku ne suka yaba. A Metacritic makinsa bai kai 60 cikin 100 ba. 'Yan kallo sun fi masu sharhi ba shi maki nesa ba kusa ba, kuma wannan tazara ita kanta ta zama abin muhawara.

Kusan kowa ya yarda cewa Garcia da Gonzalez sun taka rawar gani. An yaba yadda aka nuna Judy a matsayin ginshiƙin gida, ba 'yar rakiya ba, da yadda fim ɗin ya nuna rayuwar ma'aikatan masana'anta, abincinsu, addininsu da barkwancinsu ba tare da raini ba. Wannan yabo yana da tushe. 'Yan Latino, wato mazauna Amurka da asalinsu ya fito daga Meziko da sauran ƙasashen Amurka ta Tsakiya da ta Kudu da tsibiran Karibiyan, sun kai miliyan 62 a ƙidayar 2020, kusan kashi 19 cikin ɗari na al'ummar ƙasar. Amma binciken da cibiyar Annenberg ta Jami'ar Kudancin Kalifoniya ke yi kan manyan fina-finai ya daɗe yana nuna cewa wajen kashi 5 ne kawai na masu magana a cikinsu 'yan Latino, kuma sau da yawa a matsayin masu laifi ko 'yan aikin gida suke fitowa. Longoria ta faɗa a bikin Cannes na 2023 cewa darakta mace irinta dama ɗaya take da ita, alhali Bature namiji zai iya yin fim mai tsada ya faɗi, a sake ba shi wani. Wasu masu sharhi sun rubuta nasu sharhin da wannan nauyi a zuciya, kuma ana gani.

Sukar da ta fi yawa ita ce ta gaskiya. Masu wannan ra'ayi suka ce kowane fim na tarihin rayuwa yana haɗa mutum biyu su zama ɗaya, ko ya taƙaita shekara goma zuwa wata shida, kuma an saba da haka. Amma a nan abin da ake tababa a kansa shi ne ƙashin bayan labarin. Idan aka cire ƙirƙirar yajin da kiran wayar, abin da ya rage shi ne mutumin da bai gama sakandare ba ya kai kujerar mataimakin shugaban sashe a ɗaya daga cikin manyan kamfanonin abinci na duniya. Wannan ma labari ne babba, kuma da dama sun yi mamakin abin da ya hana a yi fim a kansa yadda yake. Akwai kuma wadda aka danne: mace ce ƙaramar ma'aikaciya, ita ma a kamfanin da maza suka cika, kuma fim ɗin da ke kukan ana share gudummawar ƙananan mutane bai ambace ta ba.

Masu kare fim ɗin ba su tsaya kan takardu ba. Hujjarsu ita ce, a tarihin Amurka an sha cin gumin 'yan Meziko a gona da madafi da masana'anta, wani ya ɗauki sunan, don haka rashin sunan mai shara a fayil ɗin kamfani ba hujja ba ce. Marubuci Gustavo Arellano, wanda shi ma ɗan asalin Meziko ne kuma yana rubutu a Los Angeles Times, ya duba fushin da rahoton ya tayar a tsakanin mutanensa, ya danganta shi da wannan tsohon miki da kuma ƙishirwar samun gwarzo na gida. Hujjar tana bayyana dalilin da ya sa mutane suka so labarin. Ba ta dai gyara lissafin 1990 da 1991 ba.

Wata sukar kuma ta ce fim ɗin talla ce mai tsawon minti 99. Ya fito a shekarar da aka cika kasuwa da fina-finai kan kayan sayarwa: Air kan takalmin Nike, Tetris kan wasan kwamfuta, BlackBerry kan wayar hannu. A cikinsu Flamin' Hot ne ya fi tausasa wa kamfani. Mugayen cikinsa ƙananan manajoji ne, shugaban kamfani kuwa dattijo ne mai sauraron na ƙasa. Maganin sallamar ma'aikata a fim ɗin shi ne ma'aikatan su fita sayar da kayan kamfani a lokacin hutunsu. Masu suka sun tuna cewa a watan Yulin 2021, daidai shekarar da ake ɗaukar fim ɗin, ɗaruruwan ma'aikatan Frito-Lay a Topeka, jihar Kansas, sun yi yajin aiki na kusan mako uku kan tilasta musu ƙarin sa'o'i. Wasu suka tuna da Frito Bandito, zanen ɗan fashi ɗan Meziko da kamfanin ya yi talla da shi daga 1967 har 1971, sai da ƙungiyoyin 'yan Meziko suka matsa aka janye shi. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a fim ɗin.

Daga nan ake kaiwa ga saƙon fim ɗin gaba ɗaya, wato mai ƙoƙari ba ya taɓewa. Fim ɗin ya nuna wariya ƙarara, amma ya mai da ita shingen da mutum ɗaya mai himma zai tsallake. Clarence Baker, wanda ya fi kowa sanin inji amma aka bar shi shekaru ba ƙarin girma, sai a dalilin nasarar Richard ya samu nasa.

Fina-finai makamantansa

Flamin' Hot ya gaji wani salo da ya girme shi. Stand and Deliver na 1988 ya ba da labarin Jaime Escalante, malamin lissafi ɗan Bolibiya a makarantar Garfield da ke gabashin Los Angeles, wanda ɗalibansa 18 suka ci jarrabawar lissafi mai zurfi a 1982, hukumar jarrabawa ta zargi 14 da satar amsa, 12 suka sake zama suka ci. Edward James Olmos ya shiga takarar Oscar da shi. An soke shi da nuna kamar cikin ɗan lokaci aka yi abin, alhali Escalante ya fara koyarwa a makarantar tun 1974. A 2015 aka yi McFarland, USA, kan 'ya'yan leburorin gona da suka ci gasar gudu ta jihar Kalifoniya a 1987, aka soke shi da cewa ya ɗora labarin a kan kocinsu Bature, wanda Kevin Costner ya fito a matsayinsa. A shekarar kuma aka yi Spare Parts, kan ɗaliban sakandare a Phoenix da suka doke jami'ar MIT a gasar ƙera mutum-mutumin ƙarƙashin ruwa a 2004.

Kwatancin da ya fi kusa shi ne A Million Miles Away, wanda ya fito a Prime Video wata uku bayan Flamin' Hot. Michael Peña ya fito a matsayin José Hernández, ɗan leburorin gona da hukumar NASA ta ƙi ɗauka sau 11, ta ɗauke shi a 2004, ya tafi sararin samaniya a 2009, daga baya ya kafa kamfaninsa. Tsarin labarin kusan iri ɗaya ne, har da mata mai haƙuri da wanda ya riƙe hannun jarumi. Masu sharhi sun fi yabonsa sosai, ko da yake shi ma an ce ya bi tsohuwar hanya. Bambancin da ke bayyane shi ne babu mai musun cewa Hernández ya hau kumbo.

Makamanciyar muhawara a Najeriya

Masu kallo a ƙasar Hausa sun san irin wannan ja-in-ja daga wata fuska. Fim ɗin Amina na Izu Ojukwu, wanda ya fito a Netflix a watan Nuwamban 2021, ya ci kyautar fim mafi kyau a bikin AMVCA na 2022, wasu suka yi murna cewa sunan sarauniyar Zazzau ya zaga duniya. Wasu kuwa, musamman a Arewa, suka soke shi kan yin sa da Turanci, da tufafi da al'adun da aka nuna, da yadda ya yi wasa da tarihi. A can ma tambayar ita ce ko fitowar al'umma a allo ta isa ta rufe kurakuran labarin.

Mai Martaba na Prince Daniel, wanda aka ɗauka a Daura da harshen Hausa, Najeriya ta aika da shi takarar Oscar a 2024, ya bi wata hanya: ya ƙirƙiri masarautar Jallaba, bai jingina labarinsa ga wani sarki na tarihi ba. A garin da labarin Bayajidda da rijiyar Kusugu yake da daraja a wurin jama'a, yayin da masana tarihi irin su Abdullahi Smith suka ɗauke shi a matsayin hikaya, wannan zaɓi ya rage wa fim ɗin rigima.

Shari'a

A watan Yulin 2024 Montañez ya kai PepsiCo ƙara a Kalifoniya, yana zarginta da ɓata suna, yaudara da wariyar launin fata. Ya ce bayan kamfanin ya shafe shekaru yana tura shi wurare yana ba da labarinsa, ya juya masa baya, kuma hakan ya sa gayyatar jawabai ta ragu, wasu ayyukan da ake shirin yi da shi suka tsaya. A watan Mayun 2025 alƙalin kotun tarayya John Holcomb ya yi watsi da ƙarar, tare da ba shi damar gyara ta ya sake shigarwa. Hukuncin ya tsaya ne kan ko zarge-zargen sun cika sharuɗɗan doka, bai yanke wanda ya ƙirƙiro Flamin' Hot Cheetos ba.